Ɗan Aiken da Ba Ya Tambaya

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau zancen wani sabon ɗan aike za mu yi, da kuma takardar kwatancen da ake danƙa masa kafin ya kama hanya.

A shekarar 2004, a birnin Chicago na Amurka, wani injiniya mai suna Jason Huggins, ma'aikacin kamfanin ThoughtWorks, ya gaji da zaman danne-danne don gwada wata manhajar ofishinsu. Sai ya ƙera abin da zai riƙa buɗe burauza da kansa, ya cike gurabe, ya danna maɓallai, kamar akwai mutum a gaban kwamfutar. Sunansa Selenium, kuma har gobe ana amfani da shi. A 2017 Google ta fito da nata, Puppeteer. A 2020 Microsoft ta kawo Playwright, wanda wasu daga cikin maƙeran Puppeteer ne suka gina shi bayan sun sauya sheƙa.

Kowanne yana da littafin jagorarsa a intanet, kuma shekara da shekaru mutane ne ke karantawa. To, yanzu an sami sabon makaranci. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake kira 'yan aike, waɗanda za ka ce da su su nemo maka farashin tikitin jirgi ko su cike maka fom, da ire-iren waɗannan kayan aiki suke sarrafa burauza. Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata. Matsalar wannan ɗan aike ita ce bai cika tambaya ba. Abin da ya karanta shi yake ɗauka, ya rubuta umarni da cikakkiyar gadara, ko da hanyar ta daɗe da rufewa.

Ga misali na zahiri. Shekaru da dama, mai rubuta Selenium da harshen Python in yana neman wani abu a shafi, sai ya kira umarnin find_element_by_id da 'yan uwansa. Darussa bila adadin an rubuta su a kan haka. A watan Yunin 2022, da sigar 4.3 ta fito, aka cire waɗannan umarnai gaba ɗaya, aka bar hanya guda kawai. A yi wa masu Selenium adalci: sun yi ta gargaɗi tun kafin nan, sun kuma rubuta shafin yadda za a koma sabon tsari. Amma tsofaffin darussan suna nan jibge a intanet, ba wanda ya share su, kuma da su aka ciyar da ƙirƙirarriyar basira lokacin horonta. Shi ya sa aka sha ganinta tana rubuta tsohon umarnin, kwamfuta kuma ta ce ita ba ta san wannan ba. Haka ta faru da Puppeteer a 2024, lokacin da siga ta 22 ta cire umarnin nan na jira na ƙayyadadden lokaci.

Don haka in za a auna littafin jagora, ni abin da nake fara dubawa shi ne: shin shafin ya faɗi sigar da yake magana a kai? Ya ce wannan umarni daga siga kaza ya fara, wancan kuma an yi masa ritaya? A nan Playwright ya yi abin a yaba. Kusan kowane umarni a littafinsa akwai ɗan rubutu a gefe mai nuna sigar da aka ƙara shi, kuma waɗanda ba a son a ci gaba da amfani da su an yi musu alama ƙarara.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai batun jira, wanda duk mai wannan sana'a zai gaya maka shi ne ciwon kai. Shafin intanet ba ya buɗewa lokaci guda. Maɓallin da kake son dannawa wataƙila bai iso ba, ko ya iso amma wani talla ya rufe shi. Mu da muka saba da intanet mai tafiyar hawainiya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Littafin Playwright ya zayyana abin da manhajar ke tabbatarwa kafin ta danna: abin yana bayyane, ya daina motsi, ba a kulle yake ba, kuma ba abin da ya tare shi. Na Selenium kuwa yana da wani gargaɗi mai daraja, cewa kada a haɗa nau'o'in jiransa guda biyu, domin in ka sa ɗaya daƙiƙa 10, ɗayan 15, kana iya ƙarewa da jiran 20. Irin wannan jimla ta fi shafi goma na yabon kai amfani, domin ta faɗi inda ramin yake.

Selenium na ba da misalai a harsuna da dama, Java da Python da Ruby da sauransu, amma akwai wuraren da za ka tarar wani harshen ba shi da misali, ana jiran mai sa kai ya rubuta. Mutum zai leƙa na Java ya fahimci abin da ake nufi. Ɗan aikenmu kuwa yana iya cike giɓin da ƙirƙirar umarnin da bai taɓa wanzuwa ba.

Masu sana'ar sun farga. A Satumban 2024 Jeremy Howard ya ba da shawarar shafuka su riƙa ajiye wani fayil mai suna llms.txt, taƙaitaccen bayani ba ado ba kwalliya, don manhajojin basira su karanta. A Nuwamban shekarar kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP ta haɗa su da kayan aiki, a 2025 kuma Microsoft ta yi wa Playwright irin wannan mahaɗi. A nan littafin jagora ya tsuke ya koma layi ɗaya ko biyu a kan kowane umarni, kuma da su kaɗai ɗan aike zai yanke shawarar abin da zai kira. Wani abin sha'awa, wannan mahaɗi ba hoton shafi yake nuna masa ba. Bayanin tsarin shafin yake ba shi, wanda tun asali don manhajojin da ke karanta wa makafi allo aka tanade shi.

In ra'ayina za a tambaya, a cikin ukun nan littafin Playwright ya fi dacewa da wannan sabon makaranci. Na Puppeteer daidai yake amma a taƙaice. Na Selenium yana da faɗi, sai dai tarihin sama da shekara 20 ya yi masa nauyi a ka.

Matasanmu masu koyon rubuta manhaja, in ƙirƙirarriyar basira ta rubuto muku umarnin sarrafa burauza, ku fara duba sigar da ke kan kwamfutarku, ku buɗe littafin wannan sigar ku gwada su layi-layi kafin ku aminta.