Abin da ke gaban kamfanin da ke son riƙe uwar garken imel da kansa

Tun daga watan Fabrairu na 2024, lokacin da kamfanonin Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar wasiƙun imel, aikin kula da uwar garken wasiƙu ya daina zama abin da ake ɗora wa kowane ma'aikaci mai ɗan sanin kwamfuta. Kamfanin Microsoft ma ya bi sahu a watan Mayu na 2025 game da akwatunan Outlook. Ga ɗan kasuwar da ke fitar da riɗi ko zoɓorodo ko fata zuwa ƙasashen waje, ma'anar wannan ita ce takardar farashin da ya aika tana iya faɗawa cikin tarkacen wasiƙu, ko kuma a mayar masa da ita, alhali mai saye yana can yana jira har ya gaji ya nemi wani.

Uwar garken imel kwamfuta ce da ke aiki dare da rana a matsayin gidan waya na kamfani. Ita ke karɓar wasiƙun da aka aiko da sunan kamfanin, ta ajiye su a akwatin kowane ma'aikaci, ta kuma miƙa waɗanda za su fita. Ƙa'idar da na'urorin ke bi wajen miƙa wa juna wasiƙa, wadda ake kira SMTP, Jon Postel ne ya rubuta ta a Amurka a 1982, a zamanin da masu amfani da hanyar ba su da yawa kuma sun amince da juna. Sabili da haka ba a tanadi wata hanyar tantance mai aikawa a cikinta ba, kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Wannan giɓi ne 'yan damfara suka daɗe suna bi, suna aika wa abokan cinikin kamfani wasiƙa da sunansa cewa an sauya lambar asusun banki.

Domin toshe giɓin aka fito da matakai uku, waɗanda ake rubutawa a rajistar sunan kamfani na intanet. Na farko shi ne SPF, wanda ke bayyana wa duniya jerin na'urorin da aka yarda su aika wasiƙa da sunan kamfanin. Na biyu shi ne DKIM, wato sa hannu na lissafi da uwar garke ke buga wa kowace wasiƙa, ta yadda idan aka taɓa abin da ke ciki a hanya, mai karɓa zai gane. Na uku shi ne DMARC, wanda aka fito da shi a 2012, kuma da shi ne mai suna ke faɗa wa masu karɓa yadda za su yi da wasiƙar da ta faɗi jarrabawar biyun farko: su bar ta ta wuce, su keɓe ta, ko su ƙi ta gaba ɗaya. Har wa yau yana sa a riƙa aiko wa kamfani rahoton waɗanda ke amfani da sunansa.

A ƙarƙashin sharuɗɗan Google, duk mai aikawa zuwa akwatin Gmail dole ne ya kasance da SPF ko DKIM, ya aika ta hanyar da aka kulle da tsarin TLS, kuma lambar adireshin na'urarsa ta dace da sunanta idan aka bincika ta gaba da ta baya. Wanda kuwa ke aika wasiƙa 5,000 ko fiye a rana, ana bukatar ya haɗa duka ukun, ya kuma bai wa masu karɓar tallace-tallacensa damar cire kansu da dannawa guda. Bugu da ƙari, adadin waɗanda ke kai ƙarar wasiƙunsa a matsayin tarkace bai kamata ya kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, wato mutum uku cikin dubu.

Ta fuskar manhaja, kamfani ba ya bukatar kashe kuɗi mai yawa, domin mafi yawan abin da ake aiki da shi kyauta ne. Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta kuma kamfanin IBM ya fitar a Disambar 1998, ita ce ke karɓa da aikawa. Akwai kuma Exim, wadda Philip Hazel ya fara a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1995. Dovecot, ta Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland, ita ke riƙe akwatuna tana buɗe wa ma'aikata su karanta daga waya ko kwamfuta. Rspamd ko SpamAssassin na tace tarkace, ClamAV na binciken cutar kwamfuta a cikin abin da aka liƙa wa wasiƙa, ita kuwa ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da takardar shaidar kulle hanya ba tare da ko kwabo ba. Akwai dunƙulallun shirye-shirye irin su Mailcow da Mail-in-a-Box da ke harhaɗa irin waɗannan manhajoji wuri guda domin rage wahalar girkawa. Galibi ana ɗora su a kan tsarin Linux, musamman Debian ko Ubuntu, wanda fitowarsa ta dogon zango ke samun gyare-gyaren tsaro na shekara biyar.

Samun manhaja kyauta bai ɗauke nauyin kula da ita ba. A ranar 2 ga Maris, 2021, Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa bayan an gano masu kutse suna shiga uwar garken Exchange da kamfanoni ke riƙewa a ofisoshinsu, kuma dubban ƙungiyoyi a ƙasashe da dama ne abin ya shafa, musamman waɗanda suka yi jinkirin saka gyaran. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya daina tallafa wa Exchange 2016 da Exchange 2019, rana guda da Windows 10. Duk ofishin da ke kan waɗannan tsofaffin manhajoji ba tare da wani shirin tallafi na musamman ba, ya bar ƙofarsa a buɗe ke nan. Kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta wa kamfani sanar da hukumar da ke kula da harkar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da waɗanda bayanansu ke hannunsa.

Game da kayan na'ura kuwa, ƙaramin kamfani mai ma'aikata ashirin ko talatin ba ya bukatar ƙatuwar kwamfuta. Gyara mafi amfani shi ne sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti da ma'ajin SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi a ciki. Wasiƙu ƙananan fayiloli ne masu ɗimbin yawa, kuma a wajen nemo irinsu ne SSD ya fi nuna fifiko a kan faifai. Na biyu shi ne ƙara ƙwaƙwalwar aiki ta RAM, domin ClamAV ita kaɗai tana iya cinye fiye da gigabait 1. Na uku shi ne saka ma'aji biyu masu kwafar juna a tsarin RAID 1, ta yadda idan ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Sai dai wannan tsari ba ya maye gurbin kwafin ajiya, domin wasiƙar da aka goge bisa kuskure tana gogewa a duka biyun. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a riƙe kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wajen ofis, a kuma riƙa gwada dawo da su lokaci zuwa lokaci.

Matsalolin da suka fi ƙarfi a Nijeriya su ne wutar lantarki da layin intanet. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata bayanan da ake cikin rubutawa, don haka na'urar UPS da inbata da batura suna cikin lissafin tun farko, haka ma sanyaya ɗakin a lokacin bazara. Abin da ke ɗan kwantar da hankali shi ne, idan uwar garke ta mutu na wasu awoyi, wasiƙu ba sa ɓacewa nan take, domin na'urar mai aikawa takan riƙa sake gwadawa. Postfix, alal misali, tana riƙe wasiƙa har kwana biyar kafin ta mayar wa mai ita. Batun layi ya fi wuyar sha'ani. Uwar garke na bukatar lambar adireshi tabbatacciya wadda ba ta sauyawa, layukan wayar salula da na gida kuwa galibi ba sa ba da ita, wasu ma suna toshe ƙofa ta 25 da wasiƙu ke fita ta cikinta. Ƙungiyar Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, tana riƙe da jerin irin waɗannan lambobi, kuma masu karɓa da yawa na ƙin duk wasiƙar da ta fito kai tsaye daga gare su.

Saboda waɗannan dalilai, kamfanoni da dama kan ɗauki ɗaya daga hanyoyi biyu. Wasu na hayar uwar garke a cibiyar ajiyar bayanai, a Legas ko a ƙasar waje, inda wuta da layi ke wuyan mai cibiyar, su kuma su kula da manhaja. Wasu kuwa na miƙa aikin gaba ɗaya ga Google Workspace ko Microsoft 365 ko Zoho, suna biyan kuɗi a kan kowane akwati, abin da ke ƙara nauyi duk lokacin da darajar naira ta faɗi idan farashin na bin dala. Ko wacce aka zaɓa, wajibi ne sunan kamfani na intanet ya kasance an yi masa rajista da sunan kamfanin kansa, ko na .ng ne da ƙungiyar NiRA ke kula da shi ko waninsa. Idan rajistar na hannun wanda aka ɗauka haya ya girka, ranar da aka rabu da shi yana iya tafiya da adireshin da duk abokan ciniki suka sani.

Riƙe uwar garke a hannu yana bai wa kamfani iko a kan bayanansa, yana kuma rage kuɗin wata-wata idan ma'aikata na da yawa. Sharaɗinsa shi ne a samu mutum takamaimai wanda zai riƙa duba rahotannin DMARC, ya saka gyare-gyaren tsaro da zarar sun fito, ya kuma amsa kira ko da tsakar dare ne. Kamfanin da ba shi da irin wannan ma'aikaci, biyan kuɗin haya ya fi masa sauƙi a kan asarar ciniki guda da wasiƙarsa ba ta isa ba.