Dwarf Fortress: Yadda rami guda ke raya gari ko ya hallaka shi

A wasan kwamfuta na Dwarf Fortress, ɗan wasa ba ya riƙe diga ko takobi. Aikinsa shi ne bai wa wasu wadanni bakwai umarnin sassaƙa gari a cikin dutse, sannan ya zuba ido ya ga abin da umarninsa zai haifar. Wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Tarn da Zach Adams, ne suka fitar da wasan kyauta a 2006, kuma a Disambar 2022 aka fara sayar da sabon salonsa a dandalin Steam.

Duniyar wasan hawa-hawa ce, kuma mafi yawan arzikinta yana can ƙasa. Shi ya sa haƙa rami a miƙe zuwa ƙasa ya zama shawarar da ke yanke makomar gari.

Hanya mafi aminci ita ce matakala. Hawan sama yana buƙatar matakalar sauka, hawayen tsakiya na buƙatar mai hawa da sauka, na ƙarshe kuma mai hawa. Idan ɗaya bai dace da na ƙasansa ba, hanya ta yanke. Hanya ta biyu ita ce rarake daɓen, wadda ke barin rami a buɗe. Da ita ake yin rijiya, amma idan ba a tanadi mafita ba, mahaƙi kan maƙale a gindin ramin har ƙishirwa ta kashe shi.

Haɗari na farko shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wani ƙasan yana tsattsafo da ruwa ba tsayawa, kuma sai an toshe bangon ramin kafin a ci gaba. Ruwan kogi da aka janyo zuwa ƙasa shi ma yana da ƙarfin turawa, yakan ɓullo ta wata kafa ya cinye ɗakunan kwana da rumbunan abinci.

A ƙasa da nan akwai manyan koguna na dutse, galibi hawa uku, inda dodanni ke zaune. Ramin da ya ɓula cikinsu ya zama ƙofa, domin abin da wada zai sauka ta cikinsa, dodo ma zai hau. Gwanayen wasan kan sa murfi a bakin ramin, su kuma girke dakaru a kusa.

Me ya sa duk da haka ake haƙawa? Saboda a can ƙasa akwai narkakken dutse da ke ba maƙera wuta ba tare da gawayi ba, da kuma ƙarfen adamantin mai matuƙar daraja. Sai dai wanda kwaɗayi ya ja shi ya zurfafa cikin jijiyar ƙarfen yakan buɗe wa shaiɗanu hanya, su mamaye garin.

A kowane hali, mai ba da umarni yana zaune lafiya a gaban kwamfutarsa. Mahaƙin da aka tura gaba shi ne ke fara gamuwa da ruwan, ko dodon, ko wutar.