Falke da Ciwon Baya: Na Sauka Daga Mota, Ban Bar Kasuwa Ba

Garinmu Kete kaya ne suka kafa shi. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka gangaro nan bakin kogin Volta da goronsu da jakunansu, malamai irin su Alhaji Umaru, wanda ya rasu a garin nan a 1934, su ma suka zo suka zauna. Tsohon garin yau yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin a Akosombo, amma sana'ar ba ta nutse da shi ba. Goro ya ja baya, doya da albasa da busasshen kifi suka maye gurbinsa. Abu guda ne bai sauya ba: kowane kaya a bayan wani yake tafiya. Mu kuwa idan muka zauna lissafi, mukan sa kuɗin mota, da la'adar dillali, da na 'yan lodi, da na masu shinge a hanya. Ban taɓa ganin falken da ya rubuta bayansa a littafin lissafi ba.

Ni na yi shekara 27 a kan hanya. Nakan ɗauko albasa daga Bawku, in biyo ta Garu, in hau dutsen Nakpanduri, in ratsa Gushegu da Yendi da Bimbilla, in iso gida ta Kpandai. Lokacin doya kuma nakan yi kudu. Wanda ya san hanyoyin nan da damina ba sai na yi masa bayani ba. Shekara shida ke nan da likita ya ɗaga hoton bayana a gaban fitila a Kumasi, ya nuna mini wuri uku da bakin biro, ya ce: “Alhaji, ba ɗaya ba ne, uku ne.”

Ga yadda ya fahimtar da ni. Ƙashin baya ba sanda guda ba ce, ƙasusuwa ne a jere, wani bisa wani. Tsakanin kowane biyu akwai wani ɗan faifai, likitoci suna ce masa disk, bakinsa da tauri, cikinsa da laushi. Shi ne yake shanye jijjiga, kamar gammo tsakanin kai da kaya. Guda 23 ne a jikin mutum. Idan bakin faifan ya tsage, abin cikinsa sai ya turo waje ya danne jijiyar da ke wucewa ta gefensa. Ƙasusuwan ƙugu guda biyar ne, kuma faifai biyu na can ƙasa, waɗanda ake rubutawa L4-L5 da L5-S1 a takardar asibiti, su suka fi lalacewa, don su ke ɗauke da nauyin gangar jiki duka. Nawa su biyun ne, da na samansu. Jijiyoyin da ke fita daga nan su ke sauka har yatsun ƙafa. Shi ya sa ciwon yana baya amma kukan a ƙafa ake yinsa.

Wanda bai ɗanɗana ba yana zaton ciwon baya gajiya ce mai yawa. Ba haka ba ne. Nawa yakan taso daga kwankwaso na hagu, ya bi ta bayan cinya, ya sauka ƙwauri, kamar an zura wayar lantarki. Wani lokaci zafi, wani lokaci kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, wani lokaci kuma wurin ya mutu murus, in taɓa ban ji ba. Tari abin tsoro ne. Atishawa kuwa sai na dafa bango tukuna. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne zama ya fi tsayuwa wahala. Minti ashirin a kan benci ya ishe ni. To ka auna wannan da kwana guda cur a gaban motar kaya, a hanyar da rami ke bin rami. Kuma ciwon ba ya nuna kansa. Ba kumburi, ba jini, ba rama. Ranar da na samu sauƙi na fito kasuwa ina dariya, sai ka ji ana cewa Alhaji ya warke. Washegari in kasa sa takalmi da kaina, sai a koma cewa Alhaji dai akwai son jiki. Wallahi wannan maganar ta fi wayar lantarkin ciwo.

A zango kowa likita ne, kuma kowa da kyakkyawar niyya. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce amosanin ƙashi, wata gwaggona ta ce hannun mutane ne, tunda kasuwa ta buɗe mini. Wanzami ya ce a yi ƙaho. Maɗori ya ce a kawo ni ya taka. Ina girmama masu ɗori, na ga karayar da suka gyara da idona, amma wannan ba karaya ba ce, kuma jijiyar da aka danne ba ta bukatar ƙarin danni. Ga wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani kafin ya kashe kuɗin mota: hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ake yi a asibitocin gundumomi, ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna faifai ko jijiya. Mai nuna su shi ne MRI, shi kuwa sai manyan birane, kuma ni daga aljihuna na biya. Duk da haka ba kowane mai ciwon baya ne ke bukatarsa ba. Mafi yawan waɗanda faifai ya turo musu sukan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an taɓa su da wuƙa ba, kuma akwai mutane da yawa da za a ga faifansu ya turo a hoto alhali ba sa jin komai. Mu da namu ya zauna, mu ne tsiraru. Amma ciwon baya gaba ɗayansa ba ƙaramin abu ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya.

Inda nake so 'yan'uwana fatake su tsaya su saurara shi ne batun ƙwaya. Duk tashar da ka shiga, daga Bawku har Agbogbloshie, akwai mai tire ko mai jaka da zai ce yana da maganin da za ka sha ka ɗauki buhu kamar auduga. Yawanci tramadol ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince da mai 50 da mai 100 ne, shi ma da takardar likita, amma wanda ke yawo a tasha sai ka ga 225 ko 250 a jikinsa. Ba ƙarya suke yi ba, yana kashe zafin. Matsalar ke nan ma. Zafin shi ne ɗan aiken da ke gaya maka ka ajiye kayan, kai kuma ka rufe masa baki ka ƙara lodi. Na san samari 'yan lodi da suka fara da guda ɗaya don a gama mota kafin magariba, yanzu ba sa iya tashi da safe sai da ita, wani ma farfaɗiya ta kama shi a tsakiyar kasuwa. Su diclofenac da ibuprofen suna da amfani idan ciwon ya motsa, amma na 'yan kwanaki ne, don idan aka mai da su abincin kullum suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Ni dokar da likitana ya kafa mini ita ce kwana kaɗan, bayan cin abinci, sannan a ajiye.

Abin da ya riƙe ni shekarun nan ba shi da daɗin faɗa, don ba abin sayarwa ba ne. Tafiya ce a ƙasa. Kullum bayan asuba nakan taka zuwa bakin tafki in dawo, a hankali, ko da ƙafar tana gardama. Kwanciya ta wuce kwana ɗaya ko biyu ƙara ƙage bayan take yi. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta koya mini motsa jiki iri huɗu da nake yi a kan tabarma, don naman ciki da na baya su yi ƙarfi su rage wa faifan aiki. Nakan kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Idan zan ɗauki abu, ko buta ce, gwiwa nake lanƙwasawa, ba ƙugu ba. Na rage tumbi. Salla kuwa, ranar da abin ya motsa a kan kujera nake yi. Da farko na ji nauyin shiga masallaci da kujerar roba ina ɗan shekara hamsin da 'yan kai, ga dattawan da suka haife ni suna sujada. Limaminmu ne ya kira ni gefe ya tuna mini da sahabi Imrana ɗan Husaini, wanda rashin lafiya ta dame shi aka ba shi izinin yin salla a zaune, in ya kasa ma a kwance. Ya ce: “Alhaji, sauƙin da aka ba ka, kai ne za ka mayar?”

Mafi wuya shi ne sauka daga mota. Falke da hanya kamar kifi da ruwa ne. A hanya ake sanin farashi, a hanya ake ƙulla amana, kuma wanda aka daina ganin fuskarsa a Bawku wata uku, sai dillalinsa ya fara duban wani. Na yi watanni ina juya abin kafin uwargida ta yanke shi a dare guda. Ta ce: “Maigida, yaron nan shekara nawa yana bin ka? In ba ka sake masa yanzu kana da ido ba, yaushe?” Haka aka yi. Babban ɗana ya karɓi hanyar arewa. Ni na zauna a rumfa, a tsaye galibi, da wani dogon teburi da kafinta ya yi mini daidai ƙirji. Ciniki da waya nake yi, kuɗi ta MoMo, hoton albasa ta WhatsApp kafin a ɗinke buhu. Shekarar farko riba ta ragu sosai, ba zan ɓoye ba. An sayar wa yaron albasar da ba ta bushe ba, kusan rabin mota ta ruɓe kafin Yendi. Na haɗiye maganar da ta zo bakina, don ni ma an taɓa yi mini haka ina da shekarunsa, kuma mahaifina bai karɓe hanyar ba. Yanzu akwai dillalan da shi suka sani, ni sai dai su ce a gaida Baba.

Cikin gida ma an sake rabon aiki, kuma wannan ba a cika faɗarsa ba. Mai ciwon da ba ya ƙarewa yana da saurin fushi. Barcinsa guntu ne, haƙurinsa ma haka. Matar da ke ɗaura maka igiyar takalmi ita ce kuma ta fi kowa shan faɗanka. Mun yi yarjejeniya da ita: ranar da abin ya tashi nakan ce “yau ja ce”, kowa ya san ba da shi nake ba, jikoki ma su san yau ba hawa wuyan kaka.

Akwai alamomin da ba a jira da su, kuma ina roƙon matan gida su riƙe su, don mu maza mun iya ɓoyewa. Idan fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba da sanin mutum ba, idan tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, idan ƙafafu biyu suka yi rauni ko tafin ƙafa ya fara jan ƙasa, wannan ba na gobe ba ne. A nemi mota a ranar, a nufi babban asibiti mai likitocin tiyatar jijiya, kamar asibitin koyarwa na Tamale, ko Komfo Anokye a Kumasi, ko Korle Bu a Akra, domin jinkiri na iya barin mutum da lahani na har abada. Mu da ke Krachi sai an haɗa da lissafin jirgin fito, saboda haka kada a bari rana ta yi. Haka kuma ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, a gwada shi da wuri, don tarin fuka yana kama ƙashin baya, shi kuma yana da magani.

Tiyata fa? Kullum sai an tambaye ni. Likitan ya ce aikin ya fi taimakon zafin da ke sauka ƙafa fiye da na bayan kansa, kuma mai faifai uku ba a yi masa alkawarin komawa kamar da. Muddin ƙafar tana da ƙarfi, ya ce, mu ci gaba a haka. Duk wata shida nakan je ya sa ni in taka a kan dunduniya, in taka a kan yatsu, ya ja babban yatsana ya ce in ture hannunsa. Zuwan da na yi na baya, na hagu ya ɗan fi na dama sanyi. Ya rubuta a kati, ya ce in dawo bayan wata uku maimakon shida. Lokacin ya faɗo daidai da fitowar sabuwar doya, don haka na riga na gaya wa ƙanena shi zai tsaya a rumfa makon.