Alkama: A Fara Duban Ganye

Manomi yakan zuba wa zangarniya ido, amma mu muna ganin ganye ya kamata a fara duba. Ganyen ƙarshe, watau wanda ke ƙarƙashin zangarniya, shi ke karɓar hasken rana ya haɗa babban rabo na abincin da ke cika ƙwaya. Irin da ganyensa ke miƙe yakan bar haske ya kai ga na ƙasa. Wanda ganyensa ya daɗe kore kuwa, ƙwayarsa ta fi nauyi. Shi ya sa manoman rani na Kadawa, a ƙasar Kano, ke shuka a Nuwamba, don ƙwaya ta cika kafin zafin Maris ya ƙone ganye. Wanda ya makara, lalle buhunsa ba zai yi nauyi ba. Jama'a, sai mu lura.