Ciwon ƙirji: Me ya sa hoton IRM ke kasa nuna jijiyoyin zuciya da kyau?

Idan dattijo a Dakoro ya fara kukan ciwon ƙirji, sau da yawa 'ya'yansa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Abijan ne ke turo kuɗi, su ce a kai shi a yi masa IRM, wato hoton maganaɗisu da ake kira MRI a Najeriya. Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100, daga Maraɗi zuwa Yamai kuma ya zarce 600.

Sai dai na'urar da ke nuna ƙwaƙwalwa da laka tar, tana shan wuya wajen ɗaukar jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, waɗanda toshewarsu ke jawo bugun zuciya.

Matsalar motsi ce. Zuciyar baligi na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, kusan sau 100,000 a yini. Faɗin waɗannan jijiyoyi milimita 3 zuwa 4 ne kacal a tushensu, kuma suna manne a jikin zuciyar, don haka kowane bugu yana gusar da su fiye da faɗinsu, musamman ta dama. Numfashi ma yana ɗaga zuciya ya sauke. IRM kuwa a hankali take tattara hotonta cikin bugu da yawa, sai ya fito dishi-dishi, kamar hoton doki a sukuwa da aka ɗauka da waya.

Dabarar likitoci ita ce a liƙa wayoyin awon bugu a ƙirji, na'urar ta riƙa ɗauka a ɗan tsakanin da zuciya ke sararawa kaɗai, wanda bai kai rabin daƙiƙa ba. Akan ce majinyaci ya riƙe numfashi, ko na'urar ta bi motsin tantanin da ke raba ƙirji da ciki. Wanda zuciyarsa ke gudu ko bugunta ba ya kan tsari, ko mai haki, wannan tsakanin kan gajarce masa, hoton ya lalace.

Shi ya sa idan toshewa ake zargi, likitoci sun fi dogara da sikana ta CT mai sauri, ko zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a gani kai tsaye. Inda IRM ta fi ƙarfi shi ne nuna naman zuciyar kansa, da tabo, da ƙarfin harba jini, kuma ba ta amfani da hasken X-ray.

Awon farko ga mai ciwon ƙirji shi ne ECG, mai araha, na 'yan mintuna. Ciwon da ya danne ƙirji, ya bi hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi, asibiti mafi kusa yake buƙata nan take, domin naman zuciya na mutuwa cikin sa'o'i. Likita ne zai faɗi hoton da ya dace kafin a kama hanyar Yamai.