Nakiya a Bakin Kasuwar Dawanau

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano ba sai an nuna masa Dawanau ba. Tun daga nesa zai hango jerin manyan motoci, waɗansu na sauke gero da dawa da wake, waɗansu na lodin riɗi da zoɓorodo da citta zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. An kafa kasuwar a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma ana yi mata kallon kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan duk abin da ya shiga cikinta ɗanye yake fita. Abin da hannun matan ƙauyukan da ke kewaye da ita ya ƙware wajen sarrafawa daga wannan hatsi kuwa, kullum baya yake ja. Nakiya ce misalina.

Nakiya ba ta son gaggawa, kuma ba kowace shinkafa take karɓa ba. Ɗanyar shinkafa ake nema, wadda ake kira ta tuwo, domin wadda aka turara kafin a cashe ta ba ta ba da gari mai laushi. Irin wannan shinkafa ba nesa take ba, tana fitowa daga Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ba da damar noman rani. A wanke ta, a tsane, a baza ta sha iska, sannan a soya ta a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa har ta yi ja-ja ta fara ƙamshi. A nan ake gane gwana. In wuta ta yi yawa ɗaci zai bi garin har ƙarshe, in ta yi kaɗan nakiyar ba za ta daɗe ba, domin wannan suya ce ke korar danshin da ke jawo fumfuna. Sai a niƙa tare da citta da masoro da kimba da kanumfari, a tankaɗe.

Zaƙin kuma aiki ne na daban. A da zuma ce ko mazarƙwaila, yanzu yawanci sukari ne. Ana dafa shi da ruwan tsamiya har ya yi danƙo, ya riƙa zare tsakanin yatsu. Tsamin nan ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba, shi ne ke hana sukari komawa tsakuwa idan ya huce. Iyayenmu ba su karanta wannan a littafin kimiyya ba, amma ba su taɓa mantawa da tsamiya ba. Daga nan sai a haɗa da garin da man shanu, a zuba a turmi a kirɓa har ya kama jikinsa, a dunƙula. Nakiyar da aka yi yadda ya kamata tana yin watanni a cikin kwalla ba ta sauya ba.

Wannan daɗewa ce ta ba ta matsayi a cikin gara, tare da alkaki da dubulan. Amarya na da abin tarbar baƙi a makonninta na farko, dangin ango kuma na auna gidan da ta fito da abin da suka ɗanɗana. A bukukuwan da nake halarta a 'yan shekarun nan, katan-katan ɗin taliya da biskit sun cinye wurin, nakiya kuwa sai ɗan abin da aka saya don fita kunya. Ba na zargin kowa. Sukari ya yi tsada, man shanu ya fi shi, kuma kirɓi aikin gayya ne da ke buƙatar mata da yawa a gida ɗaya. Sai dai sana'ar da ba a rubuta ba, in aka yi shekara ashirin ba a yi ta a gaban yara ba, ta tafi ke nan.

Akwai wata ƙasa da ta fuskanci irin wannan ta nemi mafita. A tsibirin Sirilanka, kudu da Indiya, al'ummar Sinhala na da wani abin zaƙi mai suna aggala: soyayyar shinkafa ce da aka niƙa, aka haɗa da kankararriyar kwakwa da zumar wani itace dangin giginya da ake kira kitul, aka sa masoro aka dunƙula. Wanda ya san nakiya zai gane 'yar uwarta nan take. Suna da halapa, wadda ake kwaɓa garin tamba, a cusa kwakwa mai zaƙi a ciki, a naɗe a ganye a turara, kamar yadda muke yi wa tubani. Suna da pittu, garin shinkafa da kwakwa da ake turarawa a cikin gora, wato dambunsu. Sashen aikin gona na gwamnatin ƙasar ya buɗe rumfuna da ake kira Hela Bojun, inda matan karkara da aka horar ke dafa abincin gargajiya a gaban mai saye, su sayar da kansu. Matafiyi da ɗalibi da ma'aikaci duk suna tsayawa, don haka abincin ya daina jiran ranar biki kafin a gan shi.

Dawanau ta fi kowane wuri dacewa da irin wannan. Kayan haɗin ba sa wuyar samu a Kano, har kwakwar da ake kawowa daga kudu muke yin kwakumeti da ita. Masu saye kuma ba sai an nemo su ba: fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru, direbobi da 'yan dako da dillalai, duk suna wuni a nan. Ina ganin shugabannin kasuwa da ƙaramar hukumar Dawakin Tofa za su iya ware layi guda na rumfuna, mai ruwa da inuwa, ga matan da ke yin nakiya da alkaki da dakuwa da alkubus. A yanka nakiyar ƙanana daidai aljihun ɗan dako, a ƙulla manya a cikin mazubi mai tsabta da ranar da aka yi ta a rubuce, domin direban da zai kwana uku a hanya kafin ya isa Agadas.