Hutun Bana: Me Zai Hana A Leƙa Giade Da Ƙasar Katagum?

Kowace shekara idan makarantu suka rufe, ma'aikata kuma suka karɓi takardar hutu, sai ka ji masu hannu da shuni suna zancen Dubai da Masar da Turkiyya, masu matsakaicin ƙarfi kuwa suna zancen Yankari ko Jos. Sauran jama'a sai su zauna gida, yara su yi ta wuni a gaban talabijin da wayar hannu har ranar komawa makaranta. Da wuya ka ji magidanci ya ce zai kwashi iyalinsa ya nufi Giade. Da yawa daga cikin masu karatu ma ba su taɓa jin sunan ba sai ta kan Alhaji Ahmadu Giade, wanda ya shugabanci hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa daga 2005 zuwa 2015.

Abin da ya sa muka tayar da wannan magana shi ne wani abu da ya faru a ƙasar Girka, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi cin abinci da baƙi masu yawon shaƙatawa. Mutanen ƙasar ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, amma a shekarar 2023 baƙin da suka shige ta sun haura miliyan 30. Tana da tsibirai wajen 6,000, fiye da 200 daga cikinsu da mutane a kai, duk da haka yawancin baƙin suna yin tururuwa ne zuwa 'yan ƙalilan da suka yi suna, musamman Santorini da Mikonos. Cunkoson ya kai ga a shekarar 2025 gwamnati ta ɗora harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgin ruwan shaƙatawa da ya sauka a waɗannan tsibirai biyu a lokacin da baƙi suka fi yawa. Masu hankali daga cikin matafiya sai suka koma neman tsibiran da ba a cika ambatonsu ba, irin su Ikariya, wadda aka san ta da yawan tsofaffi masu tsawon rai, inda masauki ya fi araha, mutanen gari kuma suna da lokacin da za su amsa gaisuwa.

Mu a nan ba mu da teku balle tsibiri, amma darasin ya shafe mu. Wurin da kowa ya sani ya riga ya yi tsada, wanda ba a sani ba kuwa yana nan yana jiran mai zuwa. Irin wannan wuri ne Giade da maƙwabtanta.

Giade ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Bauchi, kudu da Azare, tsakanin Shira da Misau. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane 156,969, mafi yawansu manoma da makiyaya. Mai tasowa daga Kano zai bi hanyar Maiduguri ta Wudil da Jama'are ya iso Azare, daga nan ya karkata kudu ta Isawa. A tarihi tana cikin ƙasar Katagum, don haka wanda ya je ba Giade kaɗai zai gani ba, zai zagaya Azare da Shira da tsohon garin Katagum.

Dalili na farko na zuwa shi ne tarihi. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, akwai tsofaffin masarautu uku a wannan yanki, watau Shira da Tashena da Auyo, waɗanda labarin kaka da kakanni ya ce 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta, shi ne ya haɗa Shira da Tashena ƙarƙashin mulki guda, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu na Barno, ya kafa garin Katagum a bakin Kogin Jama'are, sa'an nan ya rasu a 1814. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Turawan Ingila biyu, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suka iso Katagum daga Barno. Clapperton ya rubuta cewa garin yana kewaye da ganuwa biyu, kuma a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri tun fitowarsa daga Barno. Oudney bai yi nisa ba, domin ya rasu ran 12 ga watan a wani ƙauye da ake kira Murmur, shi kuwa Clapperton ya wuce Kano, daga nan ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Turawan mulki sun shigo ƙasar a 1903, a 1916 kuma aka mayar da fadar Sarki daga Katagum zuwa Azare. Yaron da ya karanta wannan a littafin makaranta yana iya mantawa bayan jarrabawa, amma wanda aka tsayar da shi a ƙofar fada aka ba shi labari ba zai manta ba. Gani ya kori ji.

Dalili na biyu shi ne duwatsun Shira, yamma da Giade. Ƙasar Katagum shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, saboda haka idan matafiyi ya hango waɗannan duwatsu sun taso a tsakiyar fili sai ya ji kamar ya shiga wata ƙasa dabam. A jikin wasu daga cikinsu akwai zane-zanen da mutanen da suka yi, siffofin shanu da na mutane, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta sa cikin jerin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana a taɓa. Irinsu ne ake samu a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa da kuma Geji ta Jihar Bauchi. Baturen da zai biya kuɗin jirgi don ya ga irin wannan zane a kogunan dutse na Faransa, da ya san da na Shira da ya zo, mu kuwa da muke kusa ba mu ko leƙa ba. Abin tsoron shi ne, abin da ba a ziyarta ba a kula da shi, wanda ba a kula da shi ba kuwa wata rana sai a neme shi a rasa.

Dalili na uku shi ne zaman karkara lokacin kaka. Daga watan Oktoba zuwa Disamba an gama girbin gero, ana kan na dawa da wake da gyaɗa da riɗi, rumbuna sun cika, kasuwannin mako suna ci sosai. A irin wannan lokaci ne baƙo zai sha fura da nono daga hannun matan Fulani ba tare da an tsinka shi da ruwa ba, ya ci tuwon sabuwar dawa da miyar kuka, ya sayi man shanu da zuma da kuɗin da ba zai saya masa rabinsu a Abuja ba. A fadamun Kogin Jama'are kuwa zai ga masu noman rani suna ta ban ruwa, masunta suna jefa taru. Da dare idan babu hasken lantarki, yaran da aka haifa a birni za su ga taurari yadda kakanninsu suka gan su, a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, su ji yadda manomi yake lissafin shekara da su. Wanda hutunsa ya dace da Salla kuma, sai ya tsaya Azare ya ga hawan Mai Martaba Sarkin Katagum da hakimansa.

Dalili na huɗu ya shafi aljihu. Mai zuwa ƙasar waje sai ya nemi fasfo da biza, ya sayi dala, ya biya jirgi, kuma duk abin da ya kashe ya tafi ke nan. Mai zuwa Giade kuɗin mota kawai zai tanada da na masauki da na tsaraba, kuma kowace naira da ya fitar za ta shiga hannun direba da mai tuwo da mai saƙa tabarma da yaron da ya yi masa jagora zuwa kan dutse. Wannan shi ne sirrin da mutanen Girka suka gane tuntuni, har ƙananan ƙauyukansu suka mayar da saukar baƙi sana'a.

Gaskiya ta sa mu faɗi abin da babu. Giade ba ta da manyan otal-otal irin na birni, saboda haka ya fi sauƙi a sauka Azare, inda akwai masaukai da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, a riƙa fita da safe ana komowa da yamma. Kada a tafi da tsakiyar damuna, domin ambaliya takan ɓata hanyoyi, kamar yadda ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri kusa da Azare a watan Agusta na 2024. Kada kuma a tafi watan Maris ko Afrilu sa'ad da zafi ya tsananta. Hutun makarantu na Disamba shi ne daidai, sai dai a riƙe bargo da rigunan sanyi saboda hunturu. A guji tafiyar dare, a tambayi halin hanya kafin a tashi, kuma duk ƙauyen da aka shiga a fara da gaishe da mai gari, a nemi izininsa kafin a hau dutse ko a ɗauki hoton kowa. Baƙon da ya yi sallama ba ya rasa tabarma a ƙasar Katagum.

Akwai kuma kira ga hukuma da masu sarauta. Ba a bukatar miliyoyin naira kafin a kafa alluna masu nuna hanya, a horar da 'yan samari kaɗan su riƙa yi wa baƙi bayani, a sa mai gadi a wuraren zanen duwatsu, a kuma buga ɗan ƙaramin littafi da Hausa wanda zai ba da tarihin kowane wuri. Malaman tarihi na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da na Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare suna kusa, kuma wannan aikinsu ne.

Kira mafi girma dai ga iyaye yake, musamman 'yan asalin yankin da aiki ya kai su Kano da Kaduna da Abuja da Ikko. Da yawa daga cikin 'ya'yansu suna iya lissafa 'yan wasan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma ba su san wanda ya kafa Katagum ba, ba su taɓa kwana a gidan da aka haifi ubansu ba. Tsofaffin da suka riƙe labaran nan a ka suna ƙarewa, kuma duk wanda ya tafi ya tafi da nasa. Kwana biyar a watan Disamba sun isa yaro ya gaishe da kakarsa, ya hau dutsen Shira, ya tsaya a bakin Kogin Jama'are. Allah Ya ba mu ikon zuwa, Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya.